Amshin Maman Benson

Duk wanda ya zauna a Makera lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana ya san ba mu damu da agogo ba. Jiniyar masaƙa ce ke tashinmu, ita ke sa mu ɗora tukunya, ita kuma ke dawo mana da maza da burbushin auduga a gashin kai. Mu a gidanmu har agogo na biyu gare mu, wato keken ɗinkin Maman Benson. Da zarar maza sun fita sai ka ji ya ɗauka, ita kuma tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa. Baƙo zai ɗauka faɗa take yi da keken, alhali waƙa take haɗawa.

Sunanta Celina, amma ban taɓa jin an kira ta da shi ba sai a bakin mijinta Jethro, shi ma sai ran da aka ɓata. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ƙofarta na kallon tawa. Ni ce Dije mai waina, matar Malam Audu direba. Ita Kirista ce daga ƙauyukan kudancin jiharmu, ni Bazazzagiya. Igiyar shanya ɗaya, layin famfo ɗaya, ran Sallah 'ya'yanta su fi nawa cin nama, ran Kirsimeti nawa su kwana da ciwon ciki saboda shinkafarta. Mun sha yin faɗa, kada in yi muku ƙarya, don ni ba na barin ta kwana, ita kuwa shirunta ya fi zagi ciwo. Tana kirana Hajiyar Makera, ni da ko jirgin sama ban taɓa gani a ƙasa ba. Ni kuma in ce mata Fasto mai keke.

Sana'arta ita ce ta sayo ragowar yadin da masaƙa ke fitarwa, ta ɗinka wa yara riguna da wanduna. Amma abin da aka san ta da shi tun daga Makera har Trikania shi ne waƙa. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta majami'arsu, ƙungiyar matan aure masu zane iri ɗaya da farar riga, masu kiɗa da tulu da caki. Ita ke jefa baiti, sauran su amsa. Kuma yawancin abin da suke rerawa daga kanta ya fito. Ba ta rubutawa, da ƙafa take aunawa. In baiti ya fi takun keke tsawo ta datse shi, in ya gaza ta ƙara masa. In ta gama sai ta leƙo ta ce in saurara. Ba ta tambayata ko ya yi daɗi. Jira take yi ta ji ko zan kama shi da bakina ina suyar waina, in ban kama ba ta watsar.

Waƙoƙinta duk ciwo ɗaya suke zagayawa, wai baki da zuciya sun raba hanya. Takan ce a ƙauyensu wanda ya ce miki sannu da kaya sai ya sauke miki kayan, a Kaduna kuwa sannun kawai za a ba ki a wuce. Na sha ce mata in ƙauyen da daɗi haka, uban wa ya kore ki? Sai ta yi dariya ta ci gaba da taka kekenta. Ba ta kama suna a waƙa, kuma ba ta ɗauko manyan kalmomi. Da kayan tsakar gida take aiki: kwanon da aka rufe da kyau ba komai a ciki, tsintsiyar da ke share ƙofar gida kawai. Wadda ta fi tashe ita ce ta atamfa, don duk matar ma'aikacin masaƙa ta san mai kyau gaba da bayanta ɗaya ne, mai arha kuwa fuska kaɗai ake buga wa launi.

Zanen iyayenmu, juya shi ki duba,
Ciki da waje launinsa ɗaya.
Namu na yau a fuska ya tsaya,
Wanki guda sai ya bi ruwa.

Wannan waƙa har a motar haya na ji ana yi. Amma mai ita ba ta yi murna da ita ba. Ta ce mini duk ran da ta jefa ta, tana gani daga gaba, kowace mace na rawa tana zunɗen ta kusa da ita da baki. Wannan ta kalli waccan, waccan ta kalli ta bayanta, a tashi kowa zuciyarta wasai, ta ji an faɗa wa maƙwabciya gaskiya. Ta ce ita tela ce, ta ɗinka wa kowacce riga daidai jikinta, amma kowacce ta ɗauka ta rataya wa wata. Na ce to ki kama suna mana a huta. Ta ce wannan zagi ne, zagi kuma sana'ata ce ni Dije, ba tata ba.

Ana haka sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, muna bin layin madara da sabulu, masaƙu suka fara sallamar mutane. Cikin waɗanda aka sallama har da Ernest, mijin Judith. Judith yarinya ce a kan Maman Benson, ita ke buga babban tulu a Zumunta, kuma ta saba zuwa gidanmu har 'ya'yana na ce mata Anti. Ernest bai daɗe a gida ba ciwo ya kama shi, kafin damina ta fita ya rasu. Na je gaisuwa. Matan Zumunta sun zo da kayansu fes, sun yi waƙa, sun yi kuka har layin baya ana ji, kowacce ta riƙe hannun Judith ta ce tana nan dawowa. Daga ranar ƙafa ta ɗauke.

Yara huɗu aka bar mata. Ta bar ɗakin da suke ta koma wani ɗan akurki a ƙarshen Trikania, can ta kafa tukwane ta fara dafa burkutu, sana'ar da ta gani wurin kakarta. Ni Musulma ce, ba zan yabi giya ba, kuma ita kanta Maman Benson ba ta taɓa yabonta ba. Amma yaran nan sun ci abinci. Da labari ya kai majami'a, dattawa suka sa Judith a horo, wato ta koma bencin baya, ba ta da baki a komai. Zumunta kuma ta aika aka karɓo kayanta, zane da ɗankwali da farar rigar da Maman Benson ta ɗinka mata da hannunta. A wurinsu macen da aka karɓe wa wannan kaya an cire ta daga cikin mata ke nan, ko a kasuwa gaisuwarta daga nesa ce.

Wata safiya sai ga Mama Juliana, shugabar Zumunta, matar wani babba a masaƙa. Mace ce mai jiki da murya, in ta shigo gida sai ta gaishe da kowa da suna har da kaji. Ta miƙa wa Maman Benson kayan Judith, riga da zane da ɗankwali, ta ce a rage rigar, surukarta za ta shiga ƙungiya. Sannan ta ce babban taron shekara na zuwa a Unguwar Boro, ana so a je da sabuwar waƙa mai zafi a kan masu fuska biyu, masu zuwa sujada ran Lahadi su hura wutar giya ran Litinin. Ina daga ƙofata ina jin komai, har na buɗe baki, sai Maman Benson ta harare ni. Ta ce to Mama, ta ninke kayan ta sa a akwati.

Washegari da la'asar ta yafa mayafi ta tafi Trikania. Da ta dawo na matsa mata da tambaya. Ta ce ta ga Judith, ta rame, ta ɓuya a bayan tukwane don kunya. Ta ce kuma a bayan dangar gidan ta ga kekuna da babura a jingine, rabinsu ta san masu su, don matansu na tsayawa kusa da ita duk Lahadi. Babur ɗin maigidan Mama Juliana na nan. Na ce kai, Allah ya tona asiri. Ta ce in rage murna, keken Baban Benson ma na nan, kuma ba yau ta san yana zuwa ba.

Kwanakin da suka biyo baya keken nan bai huta ba, amma ban ga an shanya ko wando ɗaya ba. Na leƙa na tarar ba zare ba ƙyalle, taka shi kawai take yi idonta a rufe. Na ce yau kuma iska kike ɗinkawa? Ta ci gaba da takawa. Kuma wannan karon ba ta kira ni in saurara ba, abin da ya ba ni haushi ƙwarai.

Ran Alhamis da yamma matan suka zo gidanmu koyon sabuwar waƙa, don tsakar gidanmu na da faɗi. Ni na ara musu benci biyu, na zauna a bakin ƙofata ina tsintar shinkafar waina. Akwai wata ƙa'ida tasu da ya kamata ku sani. In mai ba da waƙa ta jefa, dole a cafe. Ko ba ki san waƙar ba, ki bi amshi. A bar mai waƙa a rataye ita kaɗai babban abin kunya ne, ba a yi. Maman Benson ta tsaya a tsakiya ta ce amshin gajere ne, ko yaro zai riƙe: Ni ce, ya Uba, ni ce. Suka maimaita, tulu ya ɗauka, caki ya bi.

Wa aka tashe ta lafiya da safe?
Ni ce, ya Uba, ni ce.
Wa aka ciyar ba don ta fi kowa ba?
Ni ce, ya Uba, ni ce.
Wa aka yafe wa abin da ta ɓoye?
Ni ce, ya Uba, ni ce.

Wallahi waƙar ta yi daɗi. Suka miƙe, aka fara jujjuya kafaɗa, Mama Juliana har da ɗaga hankici. Ni kaina ƙafata na motsi a ƙarƙashin faranti. Maman Benson ta bari sai da amshin ya zauna musu a baki, suna cafewa tun kafin ta rufe nata, sannan ta ci gaba a kan kiɗan nan dai, ba ta sauya murya ba.

Wa ta je gaisuwa da gogaggen zane?
Wa ta yi kuka don layi ya ji?
Wa ta ce 'yar'uwa, gobe ina tafe?
Wa ta ga murhu ba hayaƙi ta kau da kai?

Na farko sun amsa da ƙarfi. Na biyu ma haka, har wata ta fara juyawa za ta zunɗi ta gefenta yadda aka saba, sai ta ji abin da bakinta ke faɗa, ta tsaya da wuya a karkace. Ba wadda za a kalla, kowacce ta riga ta ce ita ce. A na uku rawa ta mutu. A na huɗu muryoyin da suka rage ba su fi na mutum biyar ba, su ma don kunyar sakin waƙa ne. Mai tulu ta dubi Mama Juliana, amma hannunta bai tsaya ba.

Wa ta san inda maigida ke yini,
Ta yi shiru, ta nuna mai tukunya?
Wa ta ɗinka riga da hannunta,
Aka karɓe, ba ta ce uffan ba?

Nan ba wadda ta amsa. Tulu ya yi shiru. Maman Benson ta jira, da ta ga an bar ta a rataye sai ta amsa wa kanta, ita kaɗai, a hankali, har sau biyu. 

Mama Juliana ta ninke hankicinta ta ce, "Maman Benson, waƙa muka ce ki yi mana, ba shari'a ba."

Ta ce, "Mama, ni ma ina ciki. Ba ki ji na amsa ba?"

Mama Juliana ta ce a ba ta rigar da ta kawo. Maman Benson ta ce ba ta farke ta ba kuma ba za ta farke ba, da awon mai ita ta yanka ta, tana nan a akwati har ran da Zumunta za ta kira mai ita ta mayar mata. In surukar Mama na son riga, ta zo a auna ta. Haka suka watse, ko benci ba a taya ni ɗauka ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Ba su kore ta ba, don ba laifin da za su kama. Cewa aka yi ta gaji, a bar yara su karɓa. Aka ba wata gaba, aka mayar da Maman Benson layin ƙarshe da ɗan caki a hannu. Unguwar Boro kuwa da tsohuwar waƙarta ta atamfa suka je, aka ce sun burge. Ni da na ji na ce don Allah ta daina zuwa, ta bar musu kayansu. Ta ce ba don su take zuwa ba. Duk Lahadi sai ta goge farar rigarta ta tafi, ta tsaya a baya tana amsa waƙoƙin da ita ta haɗa. Amma a gida keken ya koma ɗinki zalla, gunagunin nan ya ɗauke. Na yi ta tsokanarta, har waƙar banza nake ƙirƙira da gangan in karya mata awo ko za ta gyara mini, sai ta yi murmushi kawai. Wannan ya ci mini rai fiye da komai, kuma har yau ban yafe wa matan nan shi ba.

Abu ɗaya ta yi. Ta sa Judith ta riƙa zuwa da rana tana koyon keke, ta raba yadinta biyu ta ba ta rabi. Sannu a hankali Judith ta kife tukwanenta, ta koma kai kayan yara kasuwa. Dattawan majami'a suka ɗage mata horo, ta bar bencin baya. Amma Zumunta ba ta kira ta ba. Ba wai an hana ba ne, a'a, kowacce jira take wata ta fara ɗaga maganar, maganar kuwa in an ɗaga ta sai an tuna da waccan Alhamis. Judith ita ma ba za ta roƙa ba. Na ce wa Maman Benson ta ba yarinya rigarta mana, ai tata ce. Ta ce ba ita ta karɓe ba, waɗanda suka karɓe su za su mayar. Taurin kai gare ta, Allah ya sani. Shekaru suka yi ta tafiya rigar na akwati, lokaci-lokaci ta fito da ita ta wanke ta goge ta mayar.

A ƙarshen shekarun tamanin ciwon ƙirji ya kwantar da ita. An je asibiti an dawo, an sake komawa. Matan Zumunta sun zo dubiya, ba zan ce ba su zo ba, wasu ma sun zo da gaske, sun yi mata wanki da shara. Wata rana da hantsi ina ba ta koko ta ce in jawo akwatin. Ta ciro rigar da zanen da ɗankwalin ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Hajiya, na gaji da jiransu. Ki kai mata."

Na ce ta bari ta warke ta kai da kanta, ni ba 'yar aikenta ba ce. Ta ce yau dai ɗaya in yi abin da aka sa ni ba gardama. Na kai. Judith ta karɓa ta rungume. Ba a yi mako ba Maman Benson ta cika.

Ƙauyensu za a kai ta, amma kafin mota ta zo sai da Zumunta ta taru a tsakar gidanmu don yi mata waƙar sallama. Benci biyun nan nawa na sake fitarwa. Mu Musulmin gida muna gefe a kan tabarma. Mai ba da waƙarsu ta jefa ɗaya, ba ta yi nisa ba ta sake ta. Ta ɗauko wata, ita ma haka. To wacce za ta ɗauko? Duk na mai gawar ne. 

Sai muka ji murya daga bakin zaure. Judith ce, cikin farar rigarta da zanen Zumunta, rigar ta ɗan yi mata yawa. Ba wanda ya kira ta, ba ta kuma nemi izini ba. Ashe duk ranakun nan da take zuwa koyon keke ta koyi waƙar nan ta ran Alhamis. Amma ba daga farko ta ɗauko ba, da wani baiti ta fara wanda ban taɓa ji ba, nata ne.

Wa ta dafa abin da ta san ba kyau,
Ta ɓuya ran da aka zo dubanta?

Ta amsa wa kanta. Sannan ta jefa na gaba, na gogaggen zane, ta tsaya tana jira. Na ce a raina yau in suka sake barin waƙar nan a rataye, wallahi sai na kwashe bencina su zauna a ƙasa. Sai mai tulu ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa. Wata tsohuwa a tsakiya ta amsa da 'yar muryarta, biyu suka bi ta. Kafin a kai baitin murhu duk sun ɗauka, ba rawa, ba mai kallon wata, kowacce idonta na kan ƙafarta. Suka bi ta har ƙarshe, har baitin maigida, Baban Benson na zaune a ƙofar ɗaki ya rufe fuska da hula.

Mama Juliana ba ta amsa ba. Na sa mata ido tun daga farko, bakinta bai motsa ba ko sau ɗaya, ba zan ƙara mata abin da ba ta yi ba. Amma da waƙar ta ƙare, Judith na tsaye ba ta san inda za ta nufa ba, sai na ga Mama Juliana ta tattara zanenta ta matsa gefe a kan benci, ta bar wuri daidai zaman mutum ɗaya. Judith ta ratso ta tsakiyarsu ta zauna.

Ni kuwa na tashi na shiga ɗakina na tura ƙofa, don kukan da ya zo mini ba na gaban mutane ba ne.